Waƙar Da Na Kunna Wa Surukina

Ko tsufa zai zo ya riƙa kwashe mini abubuwan da ke kaina ɗaya bayan ɗaya, ba na jin zan taɓa mantawa da wata Asabar da muka zauna a wani ajin firamaren unguwarmu a nan Wudil, muna gardamar mawaƙin da zai rufe mana biki. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da kuwa ni kaɗai ne a ɗaki.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare. A shekarar da nake ba ku labari, ƙungiyar ci gaban unguwarmu ta ga ya dace a shirya biki a dogon hutun damina, lokacin da yara suke gida suna ƙona wa iyaye rai, ɗaliban jami'ar da ba su koma garuruwansu ba suna zaman jiran a koma, manoma kuma sun gama maimai sun ɗan miƙe baya. Za a yi kokawa da langa, mata su baje girki, masunta su kawo kifi, sannan daga la'asar a shiga kiɗa da waƙa. Duk wannan ba a samu saɓani a kai ba. Inda aka cije shi ne wane ne zai hau dandamali a ƙarshe, wanda za a buga hotonsa ƙato a jikin fasta a manna tun daga tasha har bakin gada.

Aka kafa ɗan kwamiti, aka saka ni a ciki, wai ni malamin Hausa ne, na san al'ada. (Wannan "ya san al'ada" da aka faɗa a gaban jama'a ita ta fara kumbura mini kai. Tun daga ranar na daina zuwa taro sai da babbar riga.)

A cikin kwamitin akwai Nazifi, tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake da shagon cajin waya da tura waƙoƙi a bakin tasha. Shi da sauran matasan bakinsu ɗaya: a kawo Munzali Siga, wani yaro mawaƙin soyayya daga cikin Kano, wanda a lokacin ba adaidaita sahun da za ka shiga ba ka ji muryarsa ba. Akwai kuma Madam Rahila, ma'aikaciyar ɗakin karatun jami'a, 'yar Gombe ce amma ta daɗe a unguwarmu, a nan ta haifi duk 'ya'yanta. Ita aka turo ta wakilci mutanen jami'a. Da farko ta ce a ba mata masu amada, da ta ga ba wanda ya tanka mata sai ta ce ita dai duk wanda za a kawo, a tabbata mata sun samu wurin zama a inuwa. Wani ya kawo zancen masu bege, aka ce a ba su safiya, aka wuce wurin.

Ni kuwa na kafe a kan Tanko na Achika.

Tanko makaɗin noma ne, da gangarsa da 'yan amshinsa. A zamanin da ake gayya, in aka ce Tanko zai je gonar wane, har daga Ɗankaza da Dagumawa samari suke saɓo fartanya su zo ba a gayyace su ba. Yanzu gayya ta ja baya, kowa 'yan ƙwadago yake ɗauka ko ya fesa maganin ciyawa, shi ma Tanko tsufa ya kama shi, yaran yanzu da yawa ko sunansa ba su sani ba. Da a ce iya abin da na faɗa wa kwamiti ke nan, da na tsira da mutuncina. Amma ina! Ni a ganina ba yadda za a yi in ɗaga Tanko sai na taka Munzali. Duk zaman da muka yi sai na zazzage masa. Na ce na'ura ce take yi masa waƙa. Na ce kalmominsa ba su wuce zuciya da hawaye da ƙauna ba, jujjuya su kawai yake yi kamar waina. Na ce irin waƙoƙinsa ne suka sa ɗalibaina ba sa iya rubuta jimla ɗaya mai kai da gindi.

Nazifi yana jin nauyina, amma ba ya barin ta kwana. "Malam," in ji shi, "wallahi in aka sa Baba Tanko a ƙarshe, kujeru za mu yi wa biki. Kowa zai kama gabansa."

"To su kama mana," na ce. "Gara kujeru da taron da ba a ƙaru da komai ba."

Yanzu bari in gaya muku abin da kwamiti bai sani ba. Babu waƙar Munzali Siga da ban haddace ba. Ko ɗaya. Kullum da safe in na hau babur zan tafi makaranta, da na hau kan gada iska ta fara kwashe murya, sai in saki baki in yi ta rerawa har in sauka. Kuma ba a shagon Nazifi nake tura su ba, can wani shago nake zuwa a bayan kasuwa inda ba a san ni ba, in ce wa mai shagon ƙanena ne ya aiko ni. (Ba ni da ƙane namiji. Mu biyar ne, ni ne auta.) Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa nake ɓoyewa ba. Na dai ɗauka malamin Hausa mai babbar riga bai kamata a kama shi da irin wannan ba.

Da gardama ta ƙi ƙarewa, aka ce a kira uban ƙungiya ya zo ya raba. Kowa ya kawo samfurin waƙar wanda yake so, a saurara, duk abin da dattijo ya yanke shi ke nan. Uban ƙungiyar nan kuwa ba kowa ba ne illa surukina, mahaifin matata Zulai. Dillalin shanu ne a Kara, mutum ne da zai wuni bai yi maganar da ta cika baki ba. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya, in da lungu kusa to lungun nake bi. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini. A lokacin kuma Zulai tana gidansa tana wankan jego, ta haifa mana 'yarmu ta fari, Walida.

Na ji daɗi da aka ce shi zai yanke. Na ce a raina ai magana ta ƙare, dattijo irin Baba ba zai zaɓi yaro mai matse hanci ya bar gangar noma ba.

Ranar Alhamis na hau babur na nufi Achika don in ɗauko muryar Tanko, tunda ba a samun waƙarsa a shagon kowa. An yi ruwa, hanya ta jiƙe, sai da na riƙa sauka ina turawa. Na same shi a gindin wata ɗorawa a bakin gonar ɗansa. Muka gaisa, ya tambaye ni ɗan wane ne, na faɗa masa. Ya daɗe yana kallona. Sai ya aika aka kira masa 'yan amshinsa biyu da suka rage, aka ɗauko ganga. Na kunna wayata ina ɗauka, ya ɗora gula a kan fata. Ya yi ta kiran manoman da, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, har ya zo kan mahaifina. Ban san lokacin da na juya baya ina goge ido da hannun riga ba. Kafin in taho, saboda zuciya ta cika, na ce masa, "Baba Tanko, ku shirya, ku za ku rufe bikin nan, in sha Allahu." Ba ni da ikon yin wannan alƙawarin, amma na yi.

Na dawo gida bayan magariba, gida shiru, ba hayaƙin murhu, ba motsin kowa. Ruwa ya sake tsinkewa yana dukan kwano. Zuciyata dama a narke take tun daga Achika, ga kewar Zulai da jaririyar da ba na gani sai na ɗan lokaci a zauren mutane. Sai shaiɗan, ko in ce so, ya raɗa mini wata shawara. Na ɗauko wayar nan, na danna wurin ɗaukar murya, wurin da na ɗauki Tanko ɗazu, na zaɓi waƙar Munzali da na fi so na rera, duk inda ya ambaci sunan budurwarsa na saka na Zulai. Na tura mata. Ban goge ba, ban kuma saka wa ko ɗaya daga cikin muryoyin biyu suna ba. Suka kwanta a wayata, ɗaya a kan ɗaya, kamar tagwaye.

Ranar Asabar aji ya cika fiye da kullum, don labari ya bazu cewa yau za a yanke. Aka kawo wa Baba kujerar malami aka ajiye a gaba, mu muka zauna a bencin yara, gwiwa tana dukan haɓa. Nazifi ya zo da wata ƙatuwar sifika mai fitilu, irin wadda ake haɗawa da waya ta iska. Shi ya fara. Ya yi wayo ya zaɓi waƙar Munzali mafi kamun kai, wadda yake yi wa uwa. Baba ya saurara fuskarsa ba yabo ba fallasa, yana jan carbi. (Ni kuwa sai da na danne babban yatsan ƙafata a cikin takalmi, don ya fara bin kiɗan.) Madam Rahila ta tashi ta yi 'yar gajeriyar magana a kan cewa bikin na kowa ne, yaro da babba, ɗan gari da baƙo, ta zauna.

Sai ni. Na miƙe na gyara babbar riga, na rusuna na gai da Baba, na shiga jawabi. Na yi maganar kakanni, na yi maganar harshe, na yi maganar tarbiyya. Ina jin muryata tana daɗa tashi, ina jin daɗin kaina. Har na kai ga jimlar da zan so a ce an haife ni bebe kafin in faɗe ta.

"Baba," na ce, "duk namijin da ya san ciwon kansa, mai iyali, ba zai buɗe baki ya rera irin waɗannan waƙoƙin ba. Sai wanda ba shi da aikin yi."

Wasu dattawa biyu a baya suka gyaɗa kai. Na miƙa wa Nazifi wayata, na nuna masa da yatsa ba tare da na duba da kyau ba. "Ga ta nan, ta saman. Jona, kuma ka ƙure murya, kowa ya ji abin da ake kira waƙa."

Ya jona, ya ƙure. Na harɗe hannu a ƙirji, na lumshe ido, ina jiran ganga.

Maimakon ganga sai aka ji ƙarar ruwa a kan kwano. Sai wani ya yi gyaran murya. Gyaran muryar nan na san shi, don duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajina ya san shi. Sai muryar ta ce, a hankali, cikin wata irin lallausar siga da ban san ina da ita ba, "Zulai, wannan taki ce."

Jama'a, ban san ko kun taɓa jin muryarku ta fito daga sifika mai girman akwatin aure ba. Tawa dai da ta fito, ta yi kama da ta ɗan akuyar da aka raba da uwarsa ranar kasuwa:

"Zulai ruwan randa, sanyinki ya kai ƙashi,
Gida in ba ke kango ne, tuwo in ba ke ƙasa ne..."

Nazifi ya sandare da waya a hannu, baki buɗe. Na yi kukan kura zan fizge ta, babbar rigar nan da nake taƙama da ita ta maƙale a ƙusar benci ta dawo da ni baya. Hannuna ya bugi nasa, waya ta yi tsalle ta shige can ƙarƙashin bencin su Madam. Sifika kuwa ba ruwanta, tunda ta iska suke haɗe. Na rarrafa wurinta ina laluben inda ake kashewa, na danna wani abu, fitilun nan suka fara walƙiya ja da kore, muryar ta ƙaru da amsa-kuwwa. A daidai lokacin ne muka iso baitin da na san yana tafe, na kuma san babu abin da zan iya yi a kai:

"In babanki ya tsare ƙofa,
Zan hauro ta katanga... tanga... tanga..."

(Don Allah ku shaida, wannan baitin na Munzali ne, haka yake a waƙar, ba ni na ƙirƙira ba. Amma wa zan tsaya yi wa wannan bayanin? Ga baban, ga ni, kuma duk wanda ke ajin ya san a gidan wa Zulai take kwana.)

Waƙa ta ƙare don kanta. Na sauke ajiyar zuciya ina durƙushe, na ɗauka an gama. Ashe da saura. Muryar ta dawo, tana haki kaɗan: "Kin ji ko? Don Allah in kin saurara ki goge, kar ki bari su Baba su ji."

Ajin ya yi tsit. Ana jin ɗigar ruwa daga indararo. Madam Rahila ta cusa bakin gyalenta a baki, kafaɗunta suna rawa. Dattawan nan biyu da suka gyaɗa mini kai ɗazu, ɗaya ya duƙufa yana nazarin farcensa, ɗaya yana karanta baƙaƙen da yara suka bari a allo. Ni kuwa ina nan a ƙasa, rungume da sifika, rigata a yage, fitila ja da kore tana haska mini fuska.

Baba bai dube ni ba. Ya mayar da carbinsa aljihu, ya miƙe a hankali, ya ce, "Bari in ga wani mutum a waje." Babu kowa a waje sai awaki. Ya zura takalmansa ya fita.

Ƙafarsa tana barin ƙofa ajin ya fashe. Nazifi har da kwanciya a kan benci yana dukan katako. "Malam! Wallahi Malam, ko Munzalin ba ya jan amshin nan kamar kai!" Wani daga baya ya ce to ai an huta da ɗauko mawaƙi daga Kano, ga namu na gida. Na lalubo wayata, na tattara rigata, na nufi ƙofa da niyyar ba zan sake taka unguwar da rana ba.

Madam Rahila ce ta tsayar da ni. Ta share hawayen dariya, ta ce, "Malam, dawo ka zauna. Ba mu ji tsohon ba tukuna. Ba don shi ka je har Achika cikin taɓo ba?"

Na koma na zauna. Ta karɓi wayar da kanta, ta danna ta ƙasan. Ganga ta tashi. Da farko ana ta ƙunshe dariya, amma a hankali ta lafa. Muryar Tanko ta dushe, tana karyewa a wasu wuraren, ana jin kukan tsuntsaye a bayanta. Yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da gonarsa da halinsa. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce a hankali, "Allahu akbar, wannan ai yayana ne." Da aka zo kan "Audu na bakin fadama, mai kai kunyar gona ƙarshe bai ɗago ba," Tanko ya maimaita, ya sake maimaitawa.

Madam ta ce, "Wane ne wannan Audun da ya tsaya a kansa haka?"

Na ce, "Mahaifina ne."

Ban shirya faɗin abin da ya biyo baya ba. Ina ganin dai mutumin da aka riga aka tuɓe a kasuwa ba shi da sauran abin rufewa, sai na ji maganar tana fita da kanta. Na ce musu ina ƙarami mahaifina ya rasu, ko hotonsa ba mu da shi. Na ce a duk duniyar nan Tanko ne kaɗai ya rage da yake kiran sunansa da ƙarfi, kuma ina so in ji an kira shi sau ɗaya a gaban jama'a kafin shi ma Tankon ya tafi. Na ce Munzali bai yi mini komai ba, kun dai ji da kunnenku.

Aka yi 'yar dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Nazifi ya tashi zaune, ya ce, "Haba Malam, da tun farko haka ka ce, ai da ba a kai ga kiran Baba Alhaji ba."

Wannan maganar ta fi dariyar yi mini ciwo, don gaskiya ce. Na shafe makonni ina jawabi a kan al'ada da tarbiyya, alhali dalilina ɗan ƙarami ne, kuma ya fi duk jawaban nauyi. Na ɓoye shi ne don ina ganin bai yi kama da maganar mai ilimi ba.

Ashe Baba bai yi nisa ba, yana tsaye a jikin taga ta waje, duk ya ji. Ya dawo ya zauna, ya fuskanci allo ya yi magana kamar da allon yake. Ya ce Tanko ya hau da la'asar, lokacin da dattawa da mata suke wurin. Yaron Kano ya rufe, tunda shi matasa suke so, kuma su ne masu ɗaukar kujeru. A gama komai kafin kiran magariba. Sannan ya ƙara da cewa, "A kuma gaya wa yaron ya zaɓo waƙoƙin da za a iya ji a gaban iyaye." Ya shafa fatiha ya tafi.

Ke nan na faɗi, ga kuma alƙawarin da na yi wa tsoho. Na kwana biyu ina juya yadda zan gaya masa, sannan na koma Achika. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in fito da maganar. Tanko ya ce, "Alhamdu lillahi, ka taimake ni. Dama in rana ta yi ƙasa idona ba ya gani, ina ta tunanin yadda zan dawo gida." Sai ya matso, ya rage murya. "Wai yaron nan ne da jikokina mata suke waƙarsa in suna daka? Ina son in gan shi. Akwai wata tasa mai daɗi, ta randa."

Na hau babur na taho ina mamakin kaina. Yaƙin da na yi ta yi a madadin Tanko, shi Tankon bai ma san ana yi ba.

Saura gidan surukai. Na ƙi zuwa har sai da Zulai ta kira ni ta ce, "Abban Walida, in ba ka zo ba yarinyar nan za ta manta fuskarka. Kuma ka kwantar da hankalinka, babu wanda bai ji ba, har masu kawo nono." Na shirya da yamma na tafi, ina addu'ar Baba yana Kara. Ina shan kwana na hango shi zaune a kan tabarma, a bakin zaure daidai. Babu lungun da zan bi. Na tuɓe takalma tun daga nesa, na durƙusa.

"Baba, barkanku da yamma."

"Barka kadai, Malam. Ya gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Ya damina?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya 'yan makaranta? Af, suna hutu. To madalla."

Na sunkuyar da kai ƙasa. Sai ya janye ƙafarsa daga bakin zauren, ya ce, "Shiga mana, Malam. Ƙofar a buɗe take."

Ban ɗago ba, don haka ba zan iya rantse muku cewa murmushi yake yi ba. Amma na ji wani abu a muryarsa da ban taɓa ji ba tun da na shigo gidan.

A ciki ƙannen Zulai suna ganina suka watse ɗaki suna ƙyaƙyatawa. Ita kuma ta miƙo mini Walida, tana ta ƙoƙarin haɗe fuska. Na ce mata ai sai ta goge abin nan yanzu, ya isa haka. Ta ce ba za ta goge ba. Ta ce kwanakin nan da jikinta yake ciwo, ga ruwan zafi safe da yamma, ga yarinya ba ta barci, in abin ya ishe ta sai ta saka wayar a kunne ta saurara. "Muryar dai ba daɗi," in ji ta, "amma ni aka yi wa."

Biki ya zo ya wuce lafiya, hadari ya haɗu amma bai zubar ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce Tanko ya girgiza fili ba. Matasa da yawa a lokacin suka tafi sayen kifi. Amma dattawa sun matso gaba, wasu tsofaffin mata sun yi guɗa da aka kira mazajensu, ni ma na ji abin da na zo ji, ina tsaye a bayan dandamali inda ba mai ganina. Da Munzali ya hau kuwa ƙasa sai da ta motsa. Nazifi ya yi gaskiya, da an bi tawa, da kujeru muka yi wa biki. Na tsaya a cikin taro na bi waƙoƙin da bakina, a fili, tunda ba sauran wanda zan ɓoye wa. Da aka koma makaranta na tarar yara sun riga sun raɗa mini Malam Siga, kuma har yau sunan bai sake ni ba.

Abin da na koya dai bai da yawa. In kana son abu, ka faɗi ainihin dalilin da ya sa kake son sa, ko da dalilin ƙarami ne, ba sai ka zagi na wani ba, balle ma in na wanin kai ma a ɓoye kana son sa. In kuwa waƙa ta taso maka za ka yi wa matarka, ka daure ka je ka yi mata baki da baki. Kunnen mutum ɗaya ne kawai zai wahala.